Ƙarfen Asali a Maƙerar Nababa

Unguwar Marke, ta Zakirai,
9 ga Maris, 1985.

Zuwa ga taubashina Khalilu, Sarkin Ƙofar Ikko,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da so da yarda, ina fata kana lafiya, da kai da ƙatuwar ƙofar nan da kake buɗe wa maigidanka safe da yamma. Yaya zafin Ikko, yaya sauronsu? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Na je na gai da Gwaggo ranar Juma'a, ƙafar ta yi sauƙi, ta ce in gaya maka ka riƙa cin abinci. Inna Hure da matata Sauda duk suna gaishe ka.

Abin da ya sa na ɗauki biro, Landirobar da Baba, kawunka, ya bar mini ta kwanta. Na ɗebo taki daga birni, ina hawowa daga rafin Marke, sai na ji ƙas daga baya, inji yana ta kuka mota ba ta gaba. Na sauke kayan a bakin rafi, na sa mata giyar yashi, ƙafafun gaba suka ja ta har ƙofar gida tana ɗingishi. Basiru makanike ya zo daga Zakirai ya kwance, ya ce shaf ne ya karye, wato sandar ƙarfen nan mai haƙora kai da gindi wadda ke juya ƙafar baya. In babu shi, ko buhu biyu ba za ta haura rafi da su ba.

Ka san yadda ƙasa take. Bara fari ya cinye gero tun yana ciki, rumbunmu ko rabi bai kai ba, sabulu ma sai an bi layi. Motar nan ita ce ta hana ni bin sawunka. Da rani in ɗebo wa mutane taki, da damina kuwa, in rafi ya jiƙe, babu motar da ke fitar da mutanen Unguwar Marke kasuwa sai ita. Muddin tana tafiya, ni da ƙofar wani sai dai in tsaya in yi hon a buɗe mini.

Basiru yana da wani shaf a rataye a rumfarsa, irin na kwaikwayo da ake kira ɗan Taiwan. Kuɗinsa bai fi ƙarfina ba, awakin Sauda biyu za su saye shi. Ya ce zai yi damina ɗaya, in na bi shi a hankali ma ya yi biyu. Na ɗauka na ƙwanƙwasa shi da sifana, ƙarar da ya yi ba ta fi ta tsohuwar tukunya ba. Sauda ta ce in saya kawai, da babu gara ba daɗi. Na ce mata arha ba ta ado, kuma ni mutane nake ɗauka, ba duwatsu ba.

Gaskiyar maganar, Baba nake tunawa. Tun ranar da ya sayo motar nan a gwanjon ma'aikatar gona, kullum faɗi yake a gaban jama'a cewa ba a taɓa sa mata baƙon ƙarfe ba, kuma ba za a sa ba yana raye. Ba na so ya kasance ƙasa na rufe masa ido ni na fara. Na zaga kasuwar Ƙofar Ruwa a birni tun hantsi har la'asar, na asali ko na magani babu, tunda aka rufe boda komai ya ɓace.

Don Allah ranar da aka ba ka hutu ka shiga kasuwar kayan mota ta can ka tambaya mini. Da na aiko maka da karyayyen don samfur, to amma ka san garinmu, ƙarfe ba ya kwana, na riga na kai wa Nababa maƙeri kamar yadda aka saba, har ya sa shi a wuta. Ba komai. Ka ce na Landiroba doguwa, na baya, ɓangaren dama. Mota ce da ba a taɓa canja mata komai ba, duk abin da aka ƙera mata zai shiga.

Ka gai da ƙofa. Wassalam.

Naka har kullum,
Dallatu Mai Landiroba.

Unguwar Marke,
14 ga Afrilu, 1985.

Zuwa ga Khalilu, Sarkin Ƙofa,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta mutanen da kuke kwana ɗaki ɗaya. Wasiƙarka ta iso, na gode da wahalar da ka sha. Da na karanta kuɗin da suka faɗa maka, sai da na koma na sake karantawa, na zaci biro ne ya zame maka. Na kuma ga shawarar da ka liƙa a ƙasa, wai in sayi na Basiru in lallaɓa. Ashe Sauda tana da lauya a Ikko ban sani ba.

Na sayar da shanun huɗa. Na san abin da za ka ce, kowa ya riga ka faɗa. Jatau da Baƙi, waɗanda suka tsallake annobar bushiyar shekaran bara lokacin da shanun gari ke faɗuwa, su na kai kasuwa da hannuna. Inna ce ta yi kiwonsu tun suna maruƙa, da ƙaiƙayi da kowar wake. Ranar da za a tafi da su ta shiga ɗaki ta juya wa ƙofa baya, ba ta yi mini faɗa ba, kuma ba ta ci tuwo ba. Da faɗan ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ga yadda na tsara abin. In shaf ya iso kafin ruwan shuka, mota ta tashi, abin da zan samu a kasuwanni zai biya mini masu huɗa, da kaka kuma in sayi maruƙa in mayar wa Inna. Ƙarfen asali sau ɗaya ake sa shi a manta. Na faɗa wa kaina wannan magana har na haddace ta, amma duk safiya in na fito na ga turakun nan biyu babu komai, sai gabana ya faɗi.

Kuɗin suna hannun Muhammadu Sani, direban tirelar shanu, zai same ka a Agege. Wani abin takaici, dillalin da ya sayi shanun a motar Muhammadu Sanin ya loda su. Ka ga ke nan su da kuɗinsu mota ɗaya suka hau. In ka je karɓa ka ga wani ja mai karyayyen ƙaho yana kallonka, ka gaishe shi, ya san ka.

Lokacin taki yana wucewa ina zaune. Waɗanda na saba ɗebo wa sun koma jakuna, suna wucewa ta ƙofar gidana da mangaloli suna yi mini sannu da hutawa. Kaji sun fara ƙwai a ƙarƙashin motar. Ka hanzarta, don Allah, hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Kowa yana gaishe ka, ban da Inna, ita ba ta magana da kowa tukuna.

Naka,
Dallatu Mai Landiroba.

Unguwar Marke,
20 ga Yuni, 1985.

Zuwa ga taubashina Khalilu,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kuma zazzaɓin da ka ce ya kama ka ya sake ka. Allah Ya ƙara sauƙi. An yi ruwa mai kyau, mun yi shuka, gero ya fito sumul. Tsofaffi sun ce rabonsu da ganin farkon damina irin wannan an daɗe.

Saƙo ya iso, Allah Ya saka maka. Ban ga laifinka ba a kan jinkirin, na san sai da mai kayan ya ja maka rai. Khalilu, ban taɓa ganin ƙarfe mai kyau irin wannan ba. Yana naɗe cikin takarda mai maiƙo, na warware na ƙwanƙwasa shi, ya daɗe yana amo. Rabin gari sun zo kallo. Har Inna ta fito ta shafa shi, ta ce to ga Jatau da Baƙi sun dawo gida.

Bai shiga ba. Basiru ya zura shi, ya juya, ya buga, ya zare ya sake zurawa, ya yi tsawo da kamar faɗin yatsa biyu. Na ce kuskuren 'yan Ikko ne, na fara zagin mai kayan har da kai a ciki. Basiru ya kwanta ƙarƙashin motar ya kankare bututun da shaf ke kwana a ciki, sai ga tabon walda ya zagaye shi, tsoho, ya sha tsatsa.

Inna ce ta warware mana. Ta ce shekarar babban farin nan, muna yara, bututun ya tsage, Baba ba shi da kuɗin sabo, ya kai birni aka yanke wurin aka haɗe da walda, aka rage shaf ɗin a inji don ya daidaita. Ta ce ba shi kaɗai ba, rabin abin da ke cikin motar nan tsince-tsince ne. Na tambaye ta to ina zancen baƙon ƙarfe da yake ta yi. Ta ce ai magana ce ta bakin kasuwa, don fasinja su yarda da mota, ita ba ta taɓa zaton ɗansa zai ɗauke ta ya kai shanu kasuwa a kanta ba. Na rasa inda zan sa kaina don kunya da baƙin ciki.

Da samfur ɗin nan na aiko maka, da tun a can an gane. Ga shi kuwa ya zama bakin garma a gonar wani.

Basiru ya gwada rage shi da zarto, zarto ya riƙa zamewa, haƙoransa suka zube. Ya ce da ɗan Taiwan ne, da yake ƙarfensa mai taushi ne, da kafin azahar ya gama. Wannan kuwa sai an kai shi birni wurin masu inji, kuma a can ma sai an yi sa'ar wutar lantarki, ana iya yin mako ana jira. Ba ni da kuɗin motar zuwa, balle na inji, balle na zaman mako a birni. Ciyawa ta fara rufe gero, masu huɗa kuma ba sa karɓar alkawari bana.

Nababa ya zo da kansa har gida. Ka san shi, babu ƙarfen da ya taɓa shigowa garin nan bai bi ta hannunsa ba, daga sifirin mota har ƙafar keke. Ya ce ƙarfe duk ƙarfe ne, wuta ce ubansa. Zai gasa bakin ya yi ja, ya datse yatsa biyu, ya gyara haƙoran, ya shayar da shi ruwa kamar yadda yake wa garma, ya ma fi da tauri. Ya ce ba zai karɓi ko kwabo ba, saboda Baba. Basiru ya girgiza kai ya ce shi ba ruwansa, ya hau kekensa ya tafi.

Na kai. Ni na ja masa zugazugi da hannuna. Ina kallo shuɗin ƙarfen nan mai kyau ya koma ja, ya koma baƙi, da aka tsoma shi a ruwa ya yi tsuwa. Amma ya shiga, Khalilu. Jiya na zaga gari da ita yara suna bi. Ranar kasuwar Zakirai zan fita da lodi, ka taya ni addu'a.

Naka,
Dallatu Mai Landiroba.

Unguwar Marke,
11 ga Yuli, 1985.

Khalilu,

Salamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma da rai da lafiya, babu wanda ya mutu, da wannan zan fara don kada hankalinka ya tashi.

Kasuwa biyu ta ci. Ta farko lafiya lau, har na biya aka huɗe mini gefen gonar bayan gida, Sauda ta sa nama a miya. Ta biyu muna dawowa da la'asar, mota cike da mata da buhunan dusa da jarkokin kananzir, ga hadari ya haɗu ta gabas. Na shiga rafi a hankali kamar kullum. A tsakiyar yashi, daidai inda ake ba ta wuta don ta haura, na ji ƙarar nan da na sani.

Na sa giyar yashi, ƙafafun gaba suka yi ta haƙa har ta zauna a kan cikinta. Na sauke mutane da kayansu, muka tura, muka sa kara da itace, ko motsi. Aka ce a nemo shanu su ja ta. Na tsaya a tsakiyar rafi ina tunanin shanun wa zan roƙa, ni da nawa suka fi na kowa ƙarfi a garin nan. Kafin a je gona a kwanto na maƙwabci, an yi ruwa a sama, rafi ya kawo.

Ba ta tafi ba, nauyinta ya riƙe ta. Muna tsaye a kan gaɓa muna kallo ruwa ya rufe tayoyi, ya rufe fitilu, ya shiga ta taga. Matan da na ɗauko suna ta yi mini jaje, wata tsohuwa tana cewa Allah Ya sa kaffara ce. Washegari da ruwa ya janye, shanu huɗu suka fito da ita, na aro duka.

Basiru ya buɗe injin, yashi ne da laka har wuya. Ya ce gyaransa ya fi ƙarfin gonata, kuma ko akwai kuɗin, kayan babu su. Ya zaro shaf ɗin, ya karye daidai inda wutar Nababa ta tsaya, bakin karayar fari tas kamar an fasa tangaran. Ya ce wutar ta kashe haɗin taurin da aka yi masa tun daga kamfani, ruwan kuma ya busar da shi. Bai ce ai na faɗa maka ba, na kuwa ji daɗin hakan.

Nababa ya zo ya durƙusa a zaure, tsoho da furfura, yana hawaye yana cewa shi bai taɓa yin garmar da ta karye haka ba. Na san gaskiya ya faɗa. Da zuciya ɗaya ya yi, kuma ni na ja zugazugin. Garin gyaran gira mun rasa ido.

Ba na iya barci, ba na son fita masallaci don kada a yi mini jaje. Ka yi haƙuri da gajeriyar wasiƙa.

Dallatu.

Unguwar Marke,
6 ga Satumba, 1985.

Zuwa ga ɗan'uwana Khalilu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa ta girmamawa, ina fata kana lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Barka da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Saƙon da ka aiko wa Inna ya iso, da shi muka yi cefanen Sallah, ta yi ta sa maka albarka. Gwaggo lafiyarta ƙalau.

Damina ta yi kyau, irin wadda aka daɗe ana roƙo. Geron maƙwabta ya fi mutum tsawo, an fara karya shi ana tumu. Nawa gefen da aka huɗe ne kawai ya yi, sauran da na bi da hannu ciyawa ta riga ni. Na kewaya gonar jiya na duba da idon manomi, abin da za mu girbe ba zai kai mu tsakiyar rani ba. Shekarar da Allah Ya ba kowa, ni na tarbe ta ba shanu ba mota.

Masu sayen tsoffin ƙarafa sun zo daga birni sun kwashe abin da ke da amfani a jikin motar. Gangar jikin tana nan ƙofar gida, awaki suna fakewa a ciki in ana ruwa. Abin da suka ba ni na sayi dawa na ajiye. Ranar da na je Zakirai a ƙafa na wuce ta rumfar Basiru, ɗan Taiwan ɗin nan yana nan a rataye inda na bar shi. Ban ce da na saye shi da bai karye ba, wataƙila da ya karye. Amma da ya karye ina da Jatau da Baƙi a turke.

Guntayen shaf ɗin na kai wa Nababa, don ya ƙi yarda ya haɗa ido da ni tun ranar. Ya ƙera mini fartanya biyu da su, masu kyau ƙwarai, a nan kam ƙarfen ya yi abin kirki. Na ba Inna ɗaya, ta juya ta ta duba, ta ce wannan ce Jatau ko Baƙi. Ba da wasa ta faɗa ba, ba kuma da faɗa ba.

Sauda ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Tana da ciki, haihuwa wajen tsakiyar rani. Ta sayar da awakin nan biyu da na hana a sayar, mun ci.

Yanzu ga abin da na daɗe ina zagayawa. Na yi shekaru ina tsokanarka, ina cewa ka bar gonar gado ka tafi buɗe wa wani ƙofa. Kai kuwa ba ka taɓa ramawa da abin da zai yi mini ciwo ba, ka ma yi yawon kasuwa da zazzaɓi a jikinka saboda ni. Da zarar na shigar da ɗan abin da gona ta bayar, Muhammadu Sani ya ce zai ɗauke ni a bayan tirela tare da shanu, ba sai na biya ba.

Don Allah ka tambaya mini a layinku ko akwai gidan da ke neman mai gadi. Ba na zaɓe, ko gadin dare ne ko na rana. Ka gaya musu mutum ne mai iyali, ba ya shan komai, kuma ya san ƙarar mota tun daga nesa, ba za a yi hon sau biyu ba zai buɗe.

In akwai wurin shimfiɗa tabarma a ɗakinku, ka sanar da ni. Inna da Sauda suna gaishe ka. Allah Ya sada mu da alheri.

Ɗan'uwanka,
Dallatu.